Cutar Da Ba Ta Sallama

Mu mutanen zango muna da wata ɗabi'a: ba mu ɗaukar ciwo a bakin komai sai ya hana mu barci. Haƙori ya yi zogi mu cusa kanumfari, kunne ya yi suka mu ɗiga mai. To, akwai cutar da ke samun gindin zama da wannan hali namu, ita ce sankarar baki.

A aji mukan koya wa yara cewa jijiyoyi 12 ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe. Ta 5 ita ce mai kai saƙon zafi daga fuska da baki. Rassanta 3, kuma reshen ƙasa shi ke kula da gaban harshe, da haƙoran ƙasa, da leɓen ƙasa, da wani sashe na kunne.

Sau da yawa sankara takan fara da ɗan miki a gefen harshe, ko tabo fari ko ja a cikin kunci, ba tare da zafi ba. In ta yi ƙarfi sai ta riƙa fitar da sinadaran da ke tsokanar jijiya, har ta bi jikinta kamar yadda kabewa ke bin danga. A nan zogi ke tsananta. Da yake harshe da kunne reshensu ɗaya, mutum kan ji ciwon a kunne alhali kunnen lafiya lau yake. In ta kama jijiyar cikin muƙamuƙi kuwa, leɓe da haɓa su mutu kamar an yi allurar cire haƙori.

Saboda haka, 'yan uwa, kada mu jira zafi. Duk mikin bakin da ya wuce mako 3 bai warke ba, a kai wa likitan haƙori ya gani, musamman ga mai shan sigari, ko giya, ko mai cusa taba gari. Asibitin Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a Kumasi suna da masu wannan aiki.

Wanda cutar ta riga ta kama, kada mu ce masa ya daure kawai. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan maganin zafin sankara, daga farasitamol har zuwa mofin. Neman sauƙi ba ragwanci ba ne.

Allah Ya ƙara mana lafiya.