Rawar da Gona Ta Haifa: Daga Kudan Zuwa Ikara

Duk wanda ya tashi daga Zariya ya ratsa Hunkuyi da Kudan, ya biya ta Makarfi ya dire a Ikara, abin da zai fara cika masa ido shi ne rake da masara da dawa da tumatir. Ƙasar manoma ce, kuma dukkanta a ƙarƙashin masarautar Zazzau take. Na bi wannan hanya da kakar bana ina cigiyar abu guda: raye-rayen da noma ya haifa, suna nan ko sun shuɗe?

A ƙasar Hausa, yawancin raye-rayen maza 'ya'yan sana'a ne. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, maharba na da garaya, manoma kuwa gangar noma ce tasu. Ginshiƙin kowace rawa uku ne: kiɗa da taku da fage. Makaɗi zai kaɗa wa mutum takensa, shi kuma ya fito tsakiyar fage ya amsa da ƙafa, jama'ar da ta kewaye su ta yi hukunci da guɗa da liƙi. Don haka rawa zance ce tsakanin ganga da jiki, kuma wanda bai san harshen gangar ba, komai laushin jikinsa, tsalle kawai yake yi.

A wani ƙauyen Kudan na zauna da dattawa kusa da inda ake dafa mazarƙwaila. Da na ambaci rawar 'yan hoto sai fuskokinsu suka washe. Ita ce rawar da ƙaƙƙarfan manomi ke cilla garma sama, ya juya, ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ba tare da ya saɓa wa kiɗa ba. Sun ce a wurin gayya ake gane gwani, domin hannun da ya saba da huɗa shi ne ke iya sarrafa garma a iska. Yau tarakta da maganin feshi da 'yan ƙwadago sun karɓe aikin gayya, gangar noma kuma tana rataye a zaure.

A Makarfi, garin da kasuwar rakensa ta yi suna, na tarar da biki. Babu kalangu, babu ƙwarya. Lasifika ce da wani matashi mai kwamfuta. Samari da 'yan mata na taka irin rawar da suka gani a finafinan Kano da TikTok. Ban ga laifinsu ba, tunda an ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ya dame ni shi ne, irin wannan rawa zan gani a Kaduna ko Maradi. Ba ta ɗauke da shaidar garin da ake yin ta.

A yankin Ikara, inda ƙauyukan Maguzawa suke, na ga sauran ɓurɓushi. Da farin wata ya fito, 'yan mata suka yi da'ira a dandali suna gaɗa: ɗaya ta faɗo da baya, sauran su tallabe ta su cilla ta tsakiya, tafi kuma bai yanke ba. Babu ganga ko ɗaya. Tafin hannu ne kiɗan. A nan yarinya ke koyon yarda da 'yan uwanta, ta kuma san nauyin tare wanda ya jingina da ita.

Na san akwai masu ƙyamar rawa saboda cakuɗar maza da mata da kuma alaƙar wasu raye-rayen da bori. Damuwarsu abin saurare ce. Sai dai rawar garma da gaɗa ba su cikin wannan zargi, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

A 1977 Kaduna ta karɓi baƙuncin hawan dabar bikin FESTAC, duniya ta zo kallon al'adunmu. Yau ƙananan hukumomin nan uku na iya yin abin da bai kai wannan tsada ba: su shirya gasar 'yan hoto bayan girbi, su haɗa hannu da masana wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a ɗauki takun dattawan nan a bidiyo. Waƙa ana iya adana ta a takarda, amma rawa a jikin mutum take zaune, kuma tare da shi ake binne ta.