Ɗan Aiken Da Ba Ya Ɓatan Hanya

Yau kam ba hirar soyayya na zo mana da ita ba, zancen ciwon daji ne, wato kansa, wanda ko sunansa ba ma son ji.

Ni ce na yi zaman jinyar gwaggona lokacin da kansar nono ta kama ta. Duk ranar da aka yi mata ƙarin ruwan kemo sai amai, gashin nan nata har gadon baya ya zube tas. Likita ya ce mini ai maganin ba shi da ido, jini yake bi, ya taɓa mai laifi da marar laifi, ga shi ƙari mai tauri ba ya barin magani ya ratsa shi sosai.

Shi ya sa wannan labari ya tsaya mini a rai. A jikinmu akwai ƙwayoyin halitta na asali, iyayen sauran, a ɓargo da kitse har da ƙwaƙwalwa. Wasunsu duk inda rauni yake can suke nufa, shi kuwa ƙari tamkar miki ne da ya ƙi warkewa. A 2000 Dakta Karen Aboody da abokan aikinta suka nuna a jikin ɓeraye cewa na ƙwaƙwalwa suna bin ƙari har maɓoyarsa. To me zai hana a aike su?

A 2010 asibitin City of Hope da ke Kalifoniya, Amurka, ya fara gwadawa kan masu kansar ƙwaƙwalwa. An gyara ƙwayoyin, an zuba su kusa da ƙarin, sannan majinyaci ya haɗiyi wani magani mai sauƙi, 5-FC. Da ya isa gare su sai su juya shi ya koma 5-FU mai kashe kansa, a nan bakin ƙarin. Sakamakon 2017, kan mutum 15, ya nuna dabarar tana aiki ba tare da babbar illa ba, amma fa bai ce an warke ba.

Don haka 'yar uwa, har yanzu gwaji ake yi. Duk mai tallar ƙwaya ko shayi da sunan waɗannan ƙwayoyi, kuɗinki yake so. Ki riƙa lalubar ƙirjinki duk wata bayan al'ada. In kin ji ƙullutu kada kunya ta hana ki, ki faɗa wa Umma ku tafi asibiti da wuri. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.