Abin da Jirgin Sama Ke Yi wa Kunne

Wanda bai taɓa shiga jirgin sama ba yakan zaci tashi ne abin tsoro. A wurina dai saukowa ta fi wuya, kuma kunne ne ke shan wahalar.

Ga dalili. Iska tana da nauyi, ko da yake ba mu ji. In aka yi sama, nauyin nan sai ya ragu. Manyan jirage sukan yi tafiya a wajen ƙafa 35,000, inda iskar ba ta isa ta riƙe ran mutum ba. Saboda haka akan cusa iska cikin jirgin, har ya zama kamar ana zaune a kan dutse mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Jos ma, da muke cewa tudu ne, wajen ƙafa 4,000 ne kawai.

A bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da wata siririyar hanya wadda ta haɗa shi da maƙogwaro. Lokacin tashi iskar ɗakin takan fita da sauƙi. Amma da jirgi ya fara sauka, iskar waje sai ta yi nauyi ta danna dodon kunne ciki, hanyar kuwa ba ta buɗewa sai an haɗiye yawu ko an yi hamma. Na taɓa shanye ruwan wata gorar roba a sama, na rufe ta gam. Da muka sauka sai ga ta a lotse, kamar an take ta. Ita nake nuna wa 'yan ajina, gama ta fi zanen allo bayani.

A tafiyar nan wata mata tana kusa da ni da jariri, yana ta tsala ihu, mutane suna tsaki. Ni ban ga laifin yaron ba. Hanyar kunnen jariri ƙarama ce, ba shi kuma da bakin faɗar inda ke ciwo. Uwa ta ba shi nono da zarar jirgi ya soma sauka, domin haɗiya ita ce maganin. Babba ya tauna cingam ko ya tsotsi alewa, kada kuma ya yi barci a lokacin. In kunnen ya ƙi buɗewa, ya toshe hanci, ya rufe baki, ya hura a hankali. A hankali fa! Mai mura ya fi kowa shan wuya, don majina takan toshe hanyar. Gara ya ga likita kafin tafiya.

Wani lokaci kuwa iskar jirgin ce kanta ke samun matsala. A watan Satumba 2018, a Indiya, wani jirgin Jet Airways ya tashi daga Mumbai ba a kunna na'urar da ke daidaita iska ba. Fasinjoji wajen 30 suka yi haɓo ko jini ya fito musu ta kunne, dole jirgin ya juya. In irin wannan ta faru, abin shaƙar iska zai faɗo daga saman kujera. Ka sa naka tukuna, kafin na ɗanka, gama a can sama mutum yana iya suma kafin minti ɗaya ya cika. Matuƙi zai gangaro da sauri zuwa ƙafa 10,000, kunne zai yi zafi ainun, amma da gangan yake yi, ba faɗuwa ba ce. In bayan an sauka kunne ya yi jini, ko ji bai komo ba har kwana biyu, a tafi asibiti, kada a ɗiga masa kome a gida.