As biyu a hannu, amma a ajiye

Ni malamin lissafi ne a lise. Ban taɓa zama teburin caca ba, kuma ba na yi wa ɗan kowa fatan ya zauna, don addini ya hana, hankali ma ya hana. Duk da haka, kowace shekara in muka kai darasin auna yiwuwar abu, misalin da ya fi shiga kan ɗalibaina daga wasan karta na Amurka nake ɗauko shi, wanda ake kira foka.

Ga yadda wasan yake a nau'insa mafi shahara, Texas Hold'em. Katuna 52 ne. Ana ba kowa kati biyu a rufe. Kafin a buɗe katuna uku na farko a tsakiyar tebur, kowa zai yanke shawara: ya sa jetonsa, wato ƴan fayafayan da ke madadin kuɗi, ko ya ajiye katunansa ya janye. Cikin haɗi 1326 da mutum ke iya samu, babu wanda ya kai as biyu ƙarfi, kuma sau ɗaya cikin 221 yake zuwa. In ya kara da sarki biyu, yana cin kusan kashi 82 cikin 100. To wa zai samu wannan ya ajiye?

Gwanayen wasan na ajiyewa, a wuri ɗaya takamaimai. Akwai ƙananan gasa da ake shiryawa don neman kujera a babbar gasa, irin ta duniya da ake yi a Las Vegas tun 1970, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne. A ƙaramar gasar, kujerun duka darajarsu ɗaya. Mu ce kujeru 10 ne, mutum 11 suka rage. Kai kana da jeto mai yawa. Can wani na da ɗan abin da ba zai kai shi zagaye biyu ba, tunda dokar wasa na tilasta wa kowa zuba wani abu in layi ya zo kansa. Sai wanda ya fi ka jeto ya tura duk abin da ke gabansa, kai kuma ga as biyu a hannunka. In ka amsa, kusan sau ɗaya cikin biyar za ka tashi hannu banza. In ka ci, me ka ƙaru da shi? Kujerar nan dai ce da kake dab da samu kana zaune. Amsawa a nan, garin neman gira ne a rasa ido.

A nan ɗalibai ke tayar mini da gardama. "Mushe, ai 82 ya fi 18!" Gaskiya ne. Sai in tambaye su: 82 ɗin me zai ba ka, 18 ɗin me zai ƙwace maka? Ajin yakan yi tsit, kuma wannan shirun shi ne darasin.

A gasar da kyauta ke hawa daga mataki zuwa mataki, da wuya ƙwarai a ajiye as biyu. Amma in an kusa kaiwa matakin da ake fara biya, gwanaye kan ajiye katunan da ke biye masa, kamar as da sarki. Haɗi ne mai ƙarfi, sai dai in ya gamu da sarauniya biyu, bai kai cin rabi ba. Dalilin ajiyewar shi ne, a gasa, jeton da ka rasa ya fi wanda ka ci tsada. Dubi 2003: mutum 839 suka shiga babbar gasar Las Vegas, kuɗin shiga ya haura dala miliyan 8. Chris Moneymaker, wanda ta ƙaramar gasa a intanet ya samu kujerarsa, ya tattara jeton kowa da kowa, amma dala miliyan 2.5 aka ba shi, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ninka jeto ba ya ninka kyauta, rasa shi kuwa fita ce ba dawowa.

Akwai lissafi na biyu da nake sa su yi da hannunsu. Wanda ya zuba komai nasa sau huɗu a jere, kowane karo da damar 82 cikin 100, nawa ce damarsa ta tsira? A ninka 0.82 da kansa har huɗu, amsa kusan 45 cikin 100. Hannu mafi ƙarfi a wasan, sau huɗu, kuma faɗuwa ta fi tsira yawa.

Wannan shi ya sa nake rubuto muku, ƴan'uwana malamai da iyaye. Yaranmu ba foka suke yi ba, amma da yawansu sun san cacar ƙwallo ta salula, inda ake haɗa wasanni huɗu ko biyar a tikiti ɗaya, kowane a ce "wannan ai tabbas ne". Lissafin ɗaya ne, har ya fi muni, tunda mai kamfanin ya cire rabonsa tun kafin a busa usur. Yaron da aka ce wa "haramun ne" ya ji gaskiya, kuma dole a faɗa masa. Amma in abokinsa ya nuna masa tikitin da ya ci, yana bukatar abin da zai mayar da amsa da shi, kuma ninkawar nan ta minti biyu tana ba shi.

Saboda haka in ɗanka ya zo maka da wani abu yana cewa tabbas zai ci, kada ka tsaya musun ko zai ci. Wataƙila ma ya fi ka gaskiya. Tambaye shi abu biyu: in ya ci, me zai ƙaru a kan abin da ke hannunsa yanzu? In ya faɗi, kuɗin wa ne, kuma akwai hanyar dawowa? Mutanen da caca ce sana'arsu ma sai sun amsa waɗannan kafin su taɓa jetonsu.