Sunan Da Bai Shiga Littafin Anti Ba

Yau dai ku yi mini haƙuri, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake akwai maganar aure a ciki, auren da Allah bai nufa an ɗaura ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, kwanan baya Allah ya yi wa Antinmu rasuwa. Bayan an yi bakwai muka buɗe adakarta domin a fitar da kaya, sai ga wani tsohon littafin rubutu can ƙasa, a naɗe cikin ɗankwali. Ina buɗewa gabana ya faɗi, domin kuwa layukan da ke ciki ni na ja su da hannuna, da rula da jan biro, a shekarar 1996, shekarar sanƙarau.

Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare, a wani gari da ba shi da nisa da Kano. Anti ƙanwar Babanmu ce, a ƙa'ida Goggo ya kamata mu ce mata, amma da yake ta yi boko kuma tana aiki a asibitin sha-ka-tafi na garinmu, sai kowa ya bi bakin yara, har Baba kansa Anti yake cewa. Mijinta ya rasu, ta dawo gidanmu da zama, ɗakinmu ɗaya da ita.

A waccan shekarar cikin hunturu muka yi azumi, ga sanyi ga ƙura, leɓe duk ya tsage. Ana gama ƙaramar salla zafi ya fara shigowa, shi kuwa ciwon sai ya zo kamar an buɗe masa ƙofa. Yau ka ji an ce ɗan gidan wane ya kwanta da ciwon kai, gobe ka ji an kai shi makwanci. Ga kuma ƙyanda, ga amai da gudawa, duk a lokaci guda. Da daddare Baba ya kunna rediyo, a ji Kano, a ji Katsina, a ji Sakkwato da Bauci, ko'ina maganar ɗaya ce.

Wani dare Anti ta dawo daga aiki a gajiye, ko abinci ba ta taɓa ba, ta miƙo mini sabon littafi ta ce, "Ke mai hannu da kyau, zo ki ja mini layi." Na ja mata gida-gida kamar yadda ta ce: suna, shekaru, unguwa, ranar da ciwo ya fara, sai gidan ƙarshe inda za a rubuta ya warke ko ya rasu. Akwai babban littafi a asibiti, wannan nata ne na kanta, don ko da dare aka buga mata ƙofa ta samu inda za ta rubuta. Kullum sai ta zauna gaban fitilar ƙwai tana cikewa, ranar Litinin kuma ta haɗa lissafin mako a takarda ɗaya ta ba wani mai babur ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma.

Ni fa abin haushi yake ba ni. Rannan na kasa daurewa na ce, "Anti, mutane na ta mutuwa, ke kuma kina ta faman rubutu kamar mai jarrabawa. Wai rubutun nan magani ne?"

Ta ɗago ta dube ni, na zaci faɗa za ta yi, sai ta yi murmushi ta ce, "'Yata, waɗanda ke riƙe da allurar rigakafi ba su san garin nan ba, ba su san ki ba, ba su san ni ba. Takardar nan kaɗai suke gani. Daga sakatariya ta wuce ma'aikatar lafiya ta jiha, daga can ta wuce tarayya. Inda suka ga lamba ta hau, can za su fara tura mota. Allurar ba ta ishi kowa a rana ɗaya ba. Gidan da ya ɓoye mara lafiya, su a wurinsu lafiya lau ake a gidan."

Na ji ta ne kawai, amma maganar ba ta shige ni ba sai daga baya. Yanzu da na girma na gane cewa haka abin yake har a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: idan a yanki guda aka samu mutum 10 cikin 100,000 sun kamu a mako ɗaya, to an shiga annoba, sai a tashi rigakafin gayya. Kun ga ke nan in ba a ƙirga ba, babu mai cewa an kai goman.

Ba a yi sati biyu ba ciwon ya shigo gidanmu. Autarmu, 'yar shekara biyar, ta tashi da zazzaɓi mai zafi da amai, tana kuka tana riƙe kai, ko hasken taga ba ta son gani. Kakarmu Hajiya ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi mata hayaƙi. Anti ba ta yi musu da ita ba, ta dai kwantar da yarinyar rigingine, ta sa hannu a ƙeyarta ta ɗago kan a hankali. Wuyan nan ya ƙi lanƙwasuwa, haɓa ta ƙi zuwa ƙirji, Auta ta tsala ihu. Anti ta ce, "Hajiya, ki yi mata tofi a hanya, addu'a ba ta hana allura, amma yarinyar nan ba za ta ƙara awa ɗaya a gidan nan ba." Ta saɓe ta a kafaɗa, Baba na biye da takalmi a hannu. Aka yi mata wata allura mai kauri kamar mai, wadda a lokacin ita ake yi wa masu sanƙarau. Auta ta tashi, alhamdu lillahi, sai dai kunnenta na hagu ya tafi har yau. In za ki yi mata magana sai ki zagayo ta dama. A daren nan da idona na ga Anti ta rubuta sunan 'yar wanta a littafin, hannunta na rawa, amma ta rubuta.

To, yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Ina da ƙawa a gidan da ke jikin namu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba zan faɗi sunanta ba domin danginta suna nan. Ta girme ni da shekara biyu, an cire ta daga makaranta an sa mata rana, bayan babbar salla za a yi biki. Lefe har ya zo, mun sha zama muna buɗe akwatunan muna gwada sarƙa, tana ba ni labarin angon tana rufe fuska. Wata ranar Laraba na leƙa gidansu da yamma ban gan ta a tsakar gida ba. Na shiga ɗaki na tarar da ita kwance an rufe taga, jikinta kamar wuta, kanta ya ɗan karkata baya. Ni da na ga Auta kwana goma da suka wuce, wallahi ina gani na gane.

Na juya zan fita da gudu, sai Innarta ta riƙo hannuna a bakin ƙofa. Ta ce, "'Yar nan, don girman Allah kada ki faɗa wa Antinku. Shawara ce kawai, an karɓo mata magani a kemis, ga kuma rubutu tana sha. In aka ji an ce sanƙarau ne, dangin mijin nan za su ce ta kurumce ko ta taɓu, su fasa. Kuma kin san wanda aka kai wurin nan ba ya dawowa. Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki." Tana magana tana hawaye. Matar da ta goya ni, wadda nake cin tuwo a kwanonta. Na ce, "To Inna."

Na yi shiru ranar Laraba. Na yi shiru ranar Alhamis. Ina kwance kusa da Anti tana rubutunta, maganar ta zo mini har maƙogwaro, in haɗiye. Ina ce wa kaina ai manya sun fi ni sani, wataƙila shawarar ce da gaske. Ranar Juma'a da asuba muka ji salati ta kan katanga.

Da aka dawo daga maƙabarta na faɗa jikin Anti na faɗa mata komai. Ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kwana biyu, 'yata. Ciwon da ke iya kashe mutum a yini ɗaya." Ta je gidan ta yi gaisuwa, ta nemi su yarda ta rubuta, suka ce su 'yarsu shawara ce ajalinta. Ba ta gan ta da ido ba, ba ta da ikon rubuta abin da masu gida suka musanta. Cikin mako mai zuwa ƙanin marigayiyar ya kwanta, shi kam da gudu aka kawo shi, ya kuma rayu.

Masu rigakafi sun iso garinmu daga baya, mai unguwa ya sa aka yi shela, muka yi layi a ƙofar gidan hakimi aka yi mana allurar bindiga a dantse. A faɗin ƙasa sama da mutum miliyan 13 aka yi wa a shekarar, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, wato MSF. Da ƙura ta lafa aka haɗa lissafin Nijeriya: mutum 109,580 sun kamu, 11,717 sun rasu. Abin ya kai har Saudiyya ta hana maniyyatanmu zuwa aikin Hajjin 1996. Duk sanda na ga wannan 11,717 ɗin sai in ce a raina, da saura, ni na san mutum ɗaya da ba ta ciki. Allah kaɗai ya san irinta nawa ne a ƙauyuka da lunguna.

Kada ku ce ina zargin Inna, ni da na taya ta ɓoyewa ina ni ina zargi. Tsoron nata ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ba sa kai mara lafiya sai ya gama galabaita, in ya cika a can sai a ce asibiti ne ya kashe shi, na gaba kuma ya ƙara jin tsoron kai nasa. Sannan a wannan shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, gwamnatin Kano ta kai ƙara, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa da maganar ƙin allurar shan inna ta taso a 2003, wannan labarin na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Anti takan ce aikin shekara goma na shawo kan iyaye, rana ɗaya ake rushe shi.

Amma dai wahalar 1996 ba ta tafi a banza ba. A 1997 aka kafa rumbun ajiyar allurar sanƙarau na duniya, don kada a sake jiran annoba ta ci rabin gari kafin a fara neman allura. A 2010 aka fito da MenAfriVac, aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Nijeriya a 2011, ta kusa kawar da nau'in A, wanda shi ne ya yi mana ɓarna. Sai dai ƙwayar cutar ba iri ɗaya ba ce. A 2017 nau'in C ya ɓarke, ya faro daga Zamfara, ya ci sama da mutum 1,000, kuma a nan ma an yi kukan cewa labari bai isa sama da wuri ba. Lokacin akwai hukumar NCDC, ita ta riƙa tattara alƙaluman jihohi tana fitarwa. A 2024 kuma Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar. Mai babur ɗin nan na ranar Litinin yanzu waya ta karɓi aikinsa, lissafin da kan yi kwanaki a hanya yakan isa cikin ɗan lokaci. Abin da waya ba ta iya yi shi ne leƙa ɗakin da aka rufe taga.

Ku 'yan mata ku ne kuke shiga waɗannan ɗakunan. Ku ke goyon ƙanne, ku ke kwana ɗaki ɗaya da 'yan uwa a makarantar kwana, inda numfashi da tari ke saurin kai ciwon daga gado zuwa gado. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarewar wuya, ƙin haske, ko mutum ya fara sambatu. Jariri kuma ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura. In kin ga haka, musamman daga hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko, ki faɗa wa metiron ko malamar asibiti a take, ko da wadda ta roƙe ki ki yi shiru ta haife ki ne. Fushinta na kwana biyu ne. Nawa shirun ga shi har na yi furfura ina ɗauke da shi.

Littafin Anti yana wurina yanzu, 'yan uwa sun bar mini. Layukan da na ja ba su ƙare ba, akwai saura a shafin ƙarshe. Daren da na kawo shi gida, bayan yara sun yi barci, na nemo biro na rubuta sunan ƙawata, shekara goma sha shida, unguwarmu, ranar Laraba. Na cike gidan ƙarshe, na karanta mata Ƙulhuwallahu, na mayar da shi cikin ɗankwalin.

Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Anti. Wassalam.