Ba kullum laifin kamfanin layi ba ne

A gidanmu na Anguwan Rogo, da an kunna lasifikar Bluetooth sai akwatin talabijin ya riƙa sarƙewa, darasin ƙanwata ta intanet ya tsaya, ga jarrabawa ta matso. Kowa na zagin kamfani, data na ƙonewa a banza.

Ashe Bluetooth da wifi duk a kan 2.4GHz suke cunkushe, ga na maƙwabta kuma. Na mayar da akwatin da kwamfutarta kan 5GHz, na cire na'urar wifi daga bayan talabijin na ɗora kan kabad. Amma fa 5GHz ba ya ratsa bangon bulo sosai, shi ya sa ɗakin Baba har yanzu 2.4 yake kamawa.