Kwalba Tana Komawa ga Mai Ita: Wasiƙa daga Jamus

Zuwa ga Yaya, a Minna.

A Jamus, kamfanin da ya zuba kaya a kwalba, gwangwani ko kwali bai rabu da mazubin ba don ya sayar da abin da ke ciki. Dokar 1991 ce ta ɗora wa masana'antu nauyin tattara mazubansu bayan an yi amfani da su, a 2019 kuma wata sabuwar doka ta maye gurbinta, ta tilasta wa kowane kamfani yin rajista kafin kayansa su shiga kasuwa. Kuɗin da kamfani ke biya don a kwashe masa shara ya danganta da nauyin mazubin da irin abin da aka yi shi da shi. Shi ya sa masu masana'antu da kansu suke neman hanyar rage kaurin roba da yawan kwali, tun da aljihunsu ne ke ji.

Abin da baƙo ya fi gani da ido shi ne kuɗin jingina. A 2003 aka fara shi, yanzu kuma kusan duk kwalbar roba ko gwangwanin abin sha da ba a sake cika shi ana ƙara masa santi 25 a kan farashi. A bakin manyan kantuna akwai na'ura mai rami. Mutum ya zura kwalba, ta juya ta, ta karanta lambar jikinta, ta fitar da 'yar takarda da ake cire kuɗinta a wajen biya. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan kwalabe suna dawowa. Wanda ba ya son wahalar komawa kanti yakan ajiye tasa a gefen kwandon shara, don mai tsintar kwalabe ya ɗauka ba tare da ya cusa hannu cikin ƙazanta ba. Wannan ɗabi'a kaɗai ta isa a yaba wa mutanen.

Tsarin ba baƙo ba ne a Minna. Mai kanti a Bosso ko Tunga bai taɓa barin kwalbar lemo ta tafi haka nan ba: ko a sha a tsaye, ko a ajiye kuɗin kwalba, domin motar kamfani ba ta sauke cikakken akwaku sai ta ɗauki fanko. Zuwan roba da ledar fiya wata ne ya katse wannan igiya. Ƙunshi ɗaya ledoji 20 ne, kuma ba wadda ke komawa inda aka cika ta. Suna toshe magudanan ruwa a Kpakungu da kewayen kasuwar Kure da damina, ana ƙona su hayaƙi ya shiga ɗakuna, mahauta kuma sukan ciro dunƙulensu daga tumbin shanu.

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da tsarin ɗora wa masu sarrafa kaya alhakin sharar da suka haifar, sai dai ƙananan kamfanonin ruwan leda ba su ji shi a jikinsu ba tukuna. Masu tattarawa kuwa suna nan: 'yan jari bola ba sa barin ƙarfe ko gwangwani a ƙasa, saboda suna da farashi a kan sikeli. Da ƙungiyar masu ruwan leda ta Minna za ta sa wa buhun fankon leda farashi tsayayye, motar da ta kai ruwa unguwa za ta iya dawowa da shi.

A gaida Inna da yara.

Ƙaninka.